Ƙorafi Kan Abin Da Ƴan Sintirin Bagadaza Suka Yi Wa Baƙona Elias

Hajiya Suwaibatu Jibrilla,
Gidan Marigayi Malam Jibrilla Mai Fata,
Unguwar Bagadaza, Gombe.
Litinin, 2 ga Yuli, 1979.

Zuwa ga:
Mai Girma Sakatare,
Ƙaramar Hukumar Gombe,
Jihar Bauci.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KETA HADDIN GIDANA, DA CIN MUTUNCIN ELIAS NAJINGAR, MUTUMIN ƘASAR CADI, DA RIƘE MASA TAKARDU, DA WA'ADIN DA AKA BA SHI NA BARIN GARI

Bayan gaisuwar ladabi da biyayya, ina roƙon Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya da juriyar ɗaukar nauyin jama'a. Na san aikin zaɓe ya sha kan ofisoshinku a wannan wata, kuma da al'amarin nan mai iya jira ne da na jira. Ba ya iya jira, shi ya sa na yi ƙarfin halin rubutowa.

Ni ce Suwaibatu, matar marigayi Malam Jibrilla, mai cinikin fata da ƙirgi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina ya zauna a Gombe tun kafin a karɓi mulkin kai. Na koyar a ajin yaƙi da jahilci na mata a ƙarƙashin En'e har ƙarfina ya ƙare. Da hannuna nake wannan rubutu, ba wanda ya shifta mini. Idan Yallaɓai ya ga layi ya karkace, hannun ne ya tsufa, maganar tana nan daidai. Ga abin da ya faru, bi da bi.

1. Wanda abin ya faɗa wa sunansa Elias Najingar, Kirista ne, mutumin garin Mundu da ke kudancin Cadi. A unguwa Iliya Mai Inji ake ce masa. Ya zo Gombe a shekarar 1974, lokacin da arzikin mai ya fara shigowa, kowa ya sayi inji amma babu mai gyara. Ta Gamboru ya shigo, da fasfonsa da hatimin kan iyaka, kuma bai taɓa barin takardar zamansa ta mutu ba. A shekarar 1975 ya kama ɗaki biyu a gidana. Daga injin niƙa har injin ban ruwa har tarakta, babu wanda ba a kiransa a kai, kuma a tambayi kowace mace a Bagadaza wa ake aika wa idan niƙa ya tsaya ana gobe suna. Mutum ne mai ƙarancin magana, Hausarsa har yau da sauran gyara, amma bai taɓa wuce ƙofata da safe bai rusuna ya ce "Inna, an tashi lafiya" ba.

Matarsa Janet ta biyo shi bayan shekara guda. Tela ce, kuma da yake mace ce tana shiga gidajen da telolin kasuwa ba sa shiga, sai ɗinkin matan unguwa ya koma hannunta. A watan Maris na bana kuma uwar Janet ta iso, tsohuwa tukuf, ta gudo daga yaƙin da ya ɓarke a Injamena. Ta haye kogi zuwa Kamaru, daga can aka ɗoro ta a bayan babbar mota. Ɗanta namiji da take zaune wurinsa, har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Iya muke ce mata. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Fulatanci, ni kuma ba na jin yarensu, amma mukan zauna a tabarma ɗaya muna ɓarar gyaɗa har rana ta karkata, kuma ban taɓa tashi na ji ba mu yi hira ba.

2. Ranar Talata, 22 ga Mayu, wani manomi ya kira Elias gonarsa a Tumfure, taraktarsa ta mutu ana tsakiyar huɗa. Ya gama aikin bayan azahar, ya ɗaure akwatin kayan aikinsa a bayan baburinsa ja, ya kamo hanyar gida. A ƴar hanyar da ta ratsa gonaki, kafin a fito babban titi, aka ɗaura igiya daga wannan bishiya zuwa waccan. Bai gan ta ba sai da ta ɗauke shi daga kan babur. Yana ƙoƙarin tashi mutum uku suka fito daga kwari, fuskokinsu naɗe da rawani, ɗaya da adda. Ya ɗaga hannu don ya kare kansa, addar ta sauka a damtsensa na hagu. Suka tafi da babur da akwatin, suka bar shi kwance, rana tsaka, ana hango manoma can nesa suna aiki.

Wata Bafulatana mai tallar nono ce ta same shi yana tangaɗi da takalmi ƙafa ɗaya, ta yage gefen ɗankwalinta ta ɗaure masa hannun. An ɗinke shi a asibiti, kuma a ranar ya je caji ofis aka rubuta maganarsa. Ina roƙon Yallaɓai ya riƙe wannan, domin raunin nan ne aka juya daga baya aka mai da shi shaida a kansa.

Da ya dawo gida bai yi maganar babur ba. Kayan aikin yake ta ambato. Ya ce wasu daga cikin sifanun na ubangidansa ne da ya koya masa aiki a Mundu, sun san hannunsa, shi ma ya san su.

3. Yallaɓai ya fi ni sanin yadda sata ta yi yawa a garin nan tun da kuɗi suka yawaita. Saboda haka ne bara dattawan Bagadaza suka kafa ƙungiyar sintiri mai suna Mu Tsare Gida, aka ɗora wani saurayi mai suna Iro a kanta. Na san Iro tun yana goye. Ban ƙi ƙungiyar ba, har kunu nakan dama musu lokacin sanyi, kuma a farko sun yi aiki, ba zan ɓoye alherinsu ba. Amma tun da aka buga gangar siyasa sai yaran suka canza. Suka sami hula iri ɗaya, suka sami masu kawo musu shinkafa a mota, suka daina zuwa gaishe da dattawan da suka kafa su. Gindin tsamiyar da ke bakin layinmu ya zama kotu, a can ake yanke hukunci, a can ake zartarwa.

4. Ranar Lahadi, 10 ga Yuni, da hantsi, aka fasa shagon Amobi, Inyamuri mai sayar da kayan gyaran mota a bakin titi, yana coci shi da iyalinsa. Kafin la'asar magana ta gama unguwa cewa ai mutanen Cadi ne, sun gudo daga yaƙi da bindigogi a cikin ƙullin kaya. Ba wanda ya ga bindiga, ba wanda ya ga ɓarawo. Sai aka tuna akwai ɗan Cadi a gidan Hajiya Suwaibatu, kuma hannunsa a naɗe yake. Aka ce kwalaben da ke kan katangar Amobi ne suka yanke shi. Mutanen da suka zo yi masa jaje a watan Mayu, suka ga naɗin nan da idonsu, su ne a watan Yuni suka manta ranar da suka fara ganinsa.

5. Ranar Juma'a, 15 ga Yuni, daidai lokacin da maza suka tafi masallaci, unguwa ta zama sai mata da yara, Iro ya shigo gidana da mutanensa, sun fi goma, da sanduna da gora. Ban san a wane masallaci su suka yi tasu sallar ba. Ba su yi sallama a zaure ba, ba su aiko a ce mata su kimtsa ba. Ina tsakar gida da zane ɗaya ina alwala, sai ganin ƙafafun maza na yi a gabana. Ranka ya daɗe, tun da aka gina gidan nan namijin da ba muharrami ba bai taɓa wuce zaure ba sai da izini. Elias kansa ta ƙofar gefe yake shiga sashensa.

Na tambayi Iro ko ya manta gidan wa ya shigo. Ya ce bai manta ba, aiki ne ya kawo su, in yi haƙuri in koma ɗaki. Ban koma ba, saboda haka duk abin da zan faɗa a nan da idona na gani.

Suka fito da kayan ɗakunan biyu waje. Suka farke katifa da wuƙa, suka zazzage buhun dawa a ƙasa, suka zubar da tukunyar miyar da ke kan murhu wai ko an ɓoye harsashi a ciki. Ba su sami ko ƙusa ɗaya ta shagon Amobi ba. Janet tana kan keken ɗinkinta da rigar amaryar wani gida a ƙarƙashin allura, suka janye ta, suka ɗauki keken da rigar a jikinsa, suka ce shaida ce. Sannan wani mai suna Shu'aibu, na hannun daman Iro, ya jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin gado. A ciki fasfon Elias yake, da na Janet, da takardun zamansu, da ƴar takardar da aka ba Iya a kan iyaka, da takardun baburin da aka ƙwace. Shu'aibu ya buɗe, ya duba, ya rufe, ya sa a hammata.

Elias yana tsaye jikin bango duk wannan lokaci. Daga baya ya gaya mini lissafi yake yi a ransa: idan ya yi magana za a ce ya yi tsaurin ido, idan ya yi shiru za a ce rashin gaskiya ne, idan ya motsa za a ce zai gudu. Sai da aka ɗauki gwangwanin ne ya miƙa hannunsa mai lafiya ya ce su ɗauki komai su bar masa wannan. A nan aka fara dukansa. Aka ɗaure masa hannu ta baya da igiyar gugana, ɗinkin da aka yi masa a asibiti ya ɓalle, jini ya biyo yatsunsa.

Iya kuwa, da ta ga maza da makamai sun cika tsakar gida, ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta ɗora hannu biyu a ka, ta sunkuyar da fuska ƙasa, ta zauna haka. Janet ta ce haka ake yi a can idan sojoji sun shigo gida. Na je na ɗago ta, jikinta kamar itace.

6. Suka tasa Elias gaba zuwa gindin tsamiya, wani na kaɗa garwa, yara na bi suna kiran ɓarawo. Na yafa mayafi na bi su ba takalmi. Kafin mu isa an sauko daga masallaci, taro ya ninka. Na ga fuskokin da na sani, mutanen da Elias ya tashi da asuba ya gyara musu inji, suna tsaye suna kallo. Wani ya ɗauki dutse. Na yi magana, muryata ba ta kai ko'ina ba.

Allah ya kawo Amobi. Wani ya gaya masa an kama ɓarawon shagonsa, ya taho da gudu. Da ya ga wanda aka ɗaure, sai ya keta taron ya tsaya a gabansa, ya buɗe hannuwa. Ya faɗa da ƙarfi, da Hausarsa da ta fi ta wasunmu, cewa lokacin da ake fasa shagonsa Elias yana zaune kusa da shi a benci ɗaya a coci, littafin waƙa ɗaya suke riƙe da shi, kuma akwai mutane cike da cocin da za su shaida. Ya ce shagon nasa ne, asarar tasa ce, kuma bai kai ƙarar kowa gindin tsamiya ba. Iro ya ce masa ya matsa, baƙo ba ya shaidar baƙo. Ga amsar da Amobi ya ba shi, na rubuta ta yadda na ji: "Iro, na taɓa barin garin nan da rigar jikina kaɗai, na kuma dawo don na yarda da mutanensa. Idan yau ma jifa za a yi, a fara da ni."

Wannan magana ta sanyaya jikin dattawan da ke wurin, domin sun san shekarar da yake nufi, 1966, lokacin da Inyamurai suka tsere daga Arewa don tsira da rai. Liman ya sa baki, aka kwance igiyar. Amobi ne ya tallabo Elias har gida, ya kuma mai da shi asibiti aka sake ɗinki. Amma gwangwanin da keken ba su dawo ba. Iro ya ce suna hannun ƙungiya sai an gama bincike.

7. Ranar Litinin, 18 ga Yuni, na raka Elias caji ofis. An karɓe mu da mutunci, an rubuta, an ce za a duba, amma yawancin ma'aikata an rarraba su ƙauyuka saboda shirin zaɓe. An kuma shawarce shi, don lafiyarsa, kada ya yi nisa da gida tunda babu takarda a jikinsa, domin duk shingen da ya tsayar da shi ba zai san labarinsa ba. Na je wurin mai unguwa, wanda ke kwance ba lafiya tun kafin ruwa ya sauka. Ya aika a kira Iro, Iro ya aiko cewa yana da taro. Ya sake aikawa, ba amsa. Dattijon ya kalle ni daga kan shimfiɗarsa ya ce, yaran da muka ba sanda sun fi ƙarfinmu, in kai gaba.

8. Abin da zan faɗa yanzu na auna shi ƙwarai kafin in sa shi a takarda, domin ina tsoron Allah, kuma na ga abin da zato ya yi wa mutum a gindin tsamiya.

Ranar Talata, 26 ga Yuni, na je suna a Barunde. Ina fitowa daga gidan sai na ga babur jingine a bakin zaure, baƙi, fentin ko gama bushewa bai yi ba, babu lamba. Ni ban san babur ba, duk iri ɗaya suke a idona. Amma na san rigar kujerarsa. Yadi ne kore da na sayo a Jidda shekarar da na sauke farali, na ɗaura shi har dutsen guga ya ƙona mini gefensa, na ba Janet, ita kuma ta ɗinka wa mijinta rigar kujerar babur da shi. Tabon ƙunar yana nan, da siffar dutsen gugana. Na ɗora hannuna a kai, ina tsaye, sai ga Shu'aibu ya fito daga cikin maza da makulli a hannu. Ya fara gaishe ni, sai ya ga inda hannuna yake. Bai ƙarasa gaisuwar ba. Ya hau ya tafi, ko abincin sunan bai tsaya ci ba.

Ranka ya daɗe, ban ce Shu'aibu ne ya ɗaura igiya a hanyar Tumfure ba, ban gani ba. Mai yiwuwa saya ya yi a hannun wani. Abin da na ce shi ne, baburin da aka sari mutum aka ƙwace yana hannunsa, takardun baburin kuma shi ya ɗauke su daga ƙarƙashin gado a gabana. Wannan tambaya ce da ta fi ƙarfin tsohuwa, hukuma ce ta isa ta yi ta.

9. Jibin ranar, wato Alhamis 28 ga Yuni, Iro ya zo da kansa. A wannan karon ya yi sallama, ya tsuguna a zaure ya gaishe ni kamar ɗan kirki. Ya ce ƙungiya ta yanke shawara duk baƙon da ba shi da takarda ya bar Bagadaza kafin la'asar ɗin Juma'a, 6 ga Yuli, domin washegari zaɓe ne, ba sa son baƙin haure su kawo rikici. Na ce masa takardun Elias ai suna hannunsa. Ya ce shi bai san da wata takarda ba, gwangwanin da suka ɗauka babu komai a ciki. Ya ƙara da cewa idan wa'adin ya cika mutumin yana nan, shi ba zai iya riƙe yara ba, kuma zai yi baƙin ciki idan wani abu ya sami gidan Malam Jibrilla, domin rufin sashen baya na ciyawa ne. Ya faɗi haka kansa a sunkuye, ya yi mini sai an jima.

10. Halin da muke ciki yanzu shi ne wannan. Elias ba shi da kayan aiki, ba shi da abin hawa, ba shi da takarda. Ya yi ta zuwa tasha yana tambayar motoci, ya dawo. Gabas yaƙi ne, kuma kafin a kai gabas akwai shingaye, kowane shinge takarda zai tambaya. Ko da an bar su sun wuce, Iya ba za ta kai ba. Idan ya dawo sai ya yi ta kai da kawo a tsakar gida, daga rijiya zuwa bango, daga bango zuwa rijiya. Hannunsa ya ƙi zama. Da wuƙar kicin da lanƙwasasshiyar ƙusa ya gyara ƙyauren ɗakina, ya gyara rediyon marigayi da ya yi shekaru ba ya magana, ya kwance kwaɗon zaure ya mayar, ya sake kwancewa. Babu abin da ya saura bai taɓa ba a gidan nan. Idan aka buga ƙofa, ko mai tallar goro ce, sai ya miƙe tsaye.

Janet ba ta fita. Gidan da aka tafi da rigar amaryarsu sun aiko mata baƙar magana, kamar ita ta ba da. Da rana ana jifan kwanon rufinmu da duwatsu, in an leƙa ba kowa. Iya ta ƙulle ƴan tsummokaranta a zane, tun safe take zama a bakin ƙofa da ƙullin a cinya, idonta a kan hanya. Na kai mata gyaɗa mu ɓara, ta kalle ni, ta kalli ƙofa. Abinci sai an matsa mata take taɓawa.

Ba gidana kaɗai ba ne. Malaman makaranta biyu mutanen Gana da ke haya a layin bayanmu sun kwashe kayansu sun koma kwana a aji. Ƴan ga-ruwa mutanen Nijar sun watse, yanzu mata ke aika ƴaƴansu nesa neman ruwa. Duk wanda harshensa ya ɗan bambanta yana tafiya yana waiwaye. Ɓarayin gaskiya kuwa suna nan, ko shekaranjiya an ɗauke awakin maƙwabcina.

Yallaɓai, mu ma muna da mutane a ƙasashen wasu. Ƙanena yana zangon Kumasi da iyalinsa, ɗiyan mijina biyu suna Sudan tun da suka tsaya a hanyar hajji. Babu unguwa a garin nan da ba ta da wani nata a wata ƙasa, yana kwana cikin amanar mutanen da ba su san ubansa ba. Duk lokacin da na kalli Elias yana zagaya rijiya, su nake gani.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma Sakatare abubuwa kamar haka. Na farko, a karɓo fasfo da takardun Elias, da na matarsa, da na surukarsa, da keken ɗinki da rigar amaryar da ke jikin keken, a damƙa musu a gaban shaidu. Idan an lalata takardun, a ba su wata shaida daga ofishinka da za su riƙe kafin su sami sababbi. Na biyu, a sanar da hukumar ƴan sanda maganar baburin nan tun kafin a sake masa wani fenti ko a fitar da shi daga gari, a haɗa da ƙarar da Elias ya kai ranar 22 ga Mayu. Na uku, a soke wa'adin ranar Juma'a, kuma a sa mai shela ya faɗa a unguwa, domin a gindin tsamiya aka ɓata sunan mutumin nan a gaban jama'a, bai kamata a wanke shi a cikin ofis a ɓoye ba. Na huɗu, a turo mana ma'aikaci ko da ɗaya ne ya tsaya a layinmu daga yanzu har a gama zaɓe. Na ƙarshe, a duba ƙungiyar nan. Ban ce a rushe ta ba, unguwa tana bukatar tsaro, kuma akwai ƴaƴan mutunci a cikinta da aka ja. A mai da ita hannun dattawa, a gaya mata iyakarta.

Ya kamata Yallaɓai ya sani cewa Elias bai sa ni wannan rubutu ba. Da ya ga na ɗauko takarda, roƙona ya yi in bari. Ya ce baƙo ba ya ƙara, idan ya yi nasara ma a unguwar zai kwana. Na ji maganarsa, na kuma san tsoro ne mai dalili. Shi ya sa sunana kaɗai na sa. Idan akwai kuskure ko laifi a cikin takardar nan, nawa ne, ni za a kira, kuma a shirye nake in maimaita kowace kalma da Alƙur'ani a hannuna. Amobi ya yarda a kira shi, haka ma liman.

Ba zan ba kowa takardar nan ya kawo ba, da ƙafata zan zo, in zauna a bencin ƙofar ofishinka har a ce mini ta shiga hannunka. Ranar Juma'a kuma, in Allah ya kai mu, zan shimfiɗa tabarma a bakin zaurena tun hantsi, duk mai shiga gidan sai ya tsallake ni. Jiya da yamma Lami, uwar Iro, ta zo wurina a lulluɓe. Ɗalibata ce a da, ni na koya mata rubuta sunanta. Ta yi kuka, ta ce ta yi wa ɗanta magana bai ji ba, saboda haka ita ma za ta zo da tata tabarmar ta zauna kusa da ni, ta ga ko zai tsallake cikin da ya haife shi. Na ce mata ta zo. Amma, ranka ya daɗe, mu tsofaffin mata biyu ne, abin da muka iya shi ne zama. Ina roƙonka da girman Allah kada a bari ya kai ga haka.

Ina neman afuwa idan na tsawaita, ko harshena ya yi kaifi a wani wuri. Allah ya ƙara girma, ya sa a yi zaɓe lafiya, ya ba Yallaɓai ikon tsayar da gaskiya.

Ni ce mai biyayya gare ka,

Hajiya Suwaibatu Jibrilla
(sa hannu)

Kwafi zuwa ga:
Babban Jami'in Ƴan Sanda, Gombe.
Mai Unguwar Bagadaza.